Na Rantse Wuta Ba Za Ta Shiga Ɗakin Inna Ba

Assalamu alaikum, Hajiya Sadiyya.

Don Allah ki taimake ni da shawara, in da hali kuma ki gaggauta, domin abin da ya dame ni yana da wa'adi. Ranar Juma'a mai zuwa kawuna zai zo ya tafi da mahaifiyata ƙauye, ita kuma har ta ɗaure kayanta. Na daɗe ina karanta filin nan naki, wani lokaci in ga wasiƙar wani in ce a raina, wannan ai shi ya jawo wa kansa. To yau ga ni a layi. Ki sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne.

Ni malamin firamare ne. Ina zaune a Kazaure, ina koyarwa a wajen Yankwashi, kullum ina kan babur. Shekarata arba'in da ɗaya, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Asalinmu Fulani ne na wani ƙauye a cikin duwatsun Roni, kuma ni ne ɗan fari a wurin Inna. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Da ina yaro “wancan” take ce mini, da na fara koyarwa ta koma cewa “Malam”. Ba ma zama mu yi hira ido cikin ido, ba ta tambayata abu kai tsaye. In tana son wani abu sai dai in ji a bakin ƙanwata, ko yanzu a bakin matata Nafisat. Haka na tashi na gani, ban taɓa ɗaukar hakan a bakin komai ba.

Kafin in zo kan Inna sai na ba ki labarin Musaddiƙ, don daga can abin ya samo asali. Abokina ne tun muna kwalejin horar da malamai, kwano ɗaya muke ci. Shekara uku ke nan, a tsakiyar sanyi, shi da matarsa suka shiga da kaskon gawayi ɗaki suka rufe ƙofa. Da hantsi ya yi ba su fito ba, aka aiko mini. Ina cikin waɗanda suka ɓalle ƙofar. Suna kwance kamar masu barci, bargonsu bai ko yamutse ba, kaskon yana gefe ya zama toka. Ni na yi masa wanka, Hajiya. A maƙabarta, ana cikin mayar da ƙasa, na rantse da Allah a gaban mutane cewa muddin ina numfashi wuta ba za ta shiga kowane ɗaki a gidana ba. Na dawo gida na fasa kaskon da muke da shi. Har yau ba na son jin ƙaurin gawayi.

Bara mahaifinmu ya rasu. Da Inna ta fita takaba na ce ba za ta zauna ita kaɗai a ƙauye ba ina raye. Ta yi ta nuƙu-nuƙu, ƙanenta Kawu Haladu ya sa baki, ta yarda. Na gina mata ɗaki a gidana, kuma ba zan ɓoye miki ba, na gina shi ne da alfahari. Bulo da siminti, daɓen siminti na shimfiɗa leda a kai, fenti mai mai shuɗi mai sheƙi, rufin kwano da silin, taga ta gilashi guda ɗaya, ƙofar ƙarfe wadda in an rufe ko sauro ba ya samun hanya. Katifa sabuwa na ajiye mata a ƙasa, don kada ta sha wahalar hawa gado. Filin da ya rage mini a gidan shi ne lungun da ke jikin katangar maƙwabcina, inda rana ba ta leƙawa sai azahar ta gota, nan na dasa ɗakin. Unguwarmu kuma a kwari take, ba nisa da ruwa, rijiyarmu ko da bazara igiya gaba uku ta isa.

Ranar da ta iso 'yan uwa suka yi ta shiga suna fita suna sa mini albarka, ni kuma kai ya kumbura. Inna ta shafa bangon da tafin hannunta, ta ɗaga kai ta dubi silin. Daga baya Nafisat ta gaya mini wai ta ce ɗakin ya yi kyau, sai dai ba ya numfashi. Dariya na yi, na ce tsofaffi ke nan, ko gidan sarauta ka kai su sai sun ce bukkarsu ta fi.

Damina ta sauka. Kafin ta yi nisa danshi ya fara hawa bangon daga ƙasa, ya kai gwiwa, a lungu ɗaya har ƙugu. Fentin ya kumbura yana ɓarewa, wani farin abu kamar gishiri yana fitowa a ƙarƙashinsa. Ɗakin ya ɗauki wari irin na tsohuwar rijiya. Na ce a raina in rani ya yi zai bushe da kansa.

Da ruwa ya ɗauke aka fara yankan gero, sai Inna ta aiko Nafisat da saƙo. Wai a samo mata dami biyu na kara, tana so ta hura wuta a ɗakin. Ki tuna zafin da ake yi a wannan lokaci, mutum yana zaune a inuwa gumi yana tsiyaya. Na ce wace irin wuta ana wannan zafin? Nafisat ta ce Inna ta yi mata bayani: a gida haka suke yi duk shekara. Da zarar damina ta wuce sai a fitar da kayan ɗaki, a hura wutar kara da hantsi, ƙofa a buɗe, kwana uku ko biyar, wai a kori damina daga ɗaki kafin sanyi ya zo ya tarar da ita. In sanyin ya zo kuma, gadon ƙasa ne da ita mai murhu a ƙarƙashi, takan hura masa wuta bayan la'asar, kafin isha'i ta kwashe garwashin ta fitar, gadon ya riƙe ɗumi har gari ya waye. Na san duk wannan, a ɗakin aka goye ni, amma ban taɓa tambayar dalili ba. Na ce wa Nafisat ta gaya mata nan ba ƙauye ba ne, hayaƙi zai ɓata silin, kuma ta san na yi rantsuwa. Inna ba ta sake tayar da maganar ba. Ni kuma na ɗauka ta gamsu.

Sanyin bana kin san yadda ya shigo. Ɗakin nan ya koma kamar randa. Na sayo mata barguna biyu da rigar sanyi, na sayo hita ta lantarki, amma wutar sai ta ga dama take zuwa, yawanci ma da rana tsaka lokacin da ba a bukatarta. Na ce kada a ƙara buɗe tagar ko ƙofar, don kada ɗan ɗumin da ke ciki ya fice. Da safe sai ka ga ruwa yana gangarowa a jikin gilashin kamar an watsa. A ciki take alwala da ruwan zafi, a ciki take shanya ɗan mayafinta. Tari ya kama ta, irin mai fitowa daga ƙasan ƙirji, gwiwoyinta suka riƙe har salla ta koma yi a zaune. Kullum na tsaya a bakin ƙofa na gaishe ta, amsa ɗaya ce, lafiya lau, ɗaki ya yi. Rannan Nafisat ta ɗaga katifar za ta share, muka ga ƙasanta ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, ƙarƙashin ledar kuma ruwa ne kwance.

Akwai abin da ya kamata a ce ya farkar da ni, bai farkar da ni ba. Wata Asabar na dawo daga kasuwa na ga farin yadi a shanye a kan igiya, tsakanin kayan makarantar yara. Duk jikinsa ɗige-ɗigen baƙi ne. Na tambaya, Nafisat ta ja ni gefe ta ce likkafanin Inna ne. Ashe tun shekaru da dama ta sayar da tunkiyarta ta saya, ta naɗe shi a ƙasan akwatinta na ƙarfe, ko mu 'ya'yanta ba mu sani ba. Danshi ya bi akwatin ya lalata shi. Inna tana zaune a bakin ƙofarta tana kallonsa. Kin san abin da na yi? Na ce a gaya mata kada ta damu, zan sayo mata wani. Wallahi abin da na faɗa ke nan, kamar tabarma ce ta yage.

Yau kwana tara da abin ya faru. Na taso daga makaranta, na iso gida la'asar sakaliya, tun daga zaure na ji salati. Na tarar da Inna kwance a kan tabarma a tsakar gida, Nafisat da maƙwabciyarmu Maman Justice suna yi mata fifita, ƙofar ɗakin a wangale. A ciki ga kasko, garwashi ja jawur. An cusa tsummoki a ƙasan ƙofar da gefen taga. Na durƙusa a wajen kan Inna ba tare da ta gan ni ba. Can ta motsa, ta laluba ta kamo hannun Nafisat, idonta bai gama buɗewa ba, abin da ta fara faɗa shi ne, “Ki ɓoye kaskon kafin Malam ya dawo.”

Hajiya, tsohuwa mai shekara sittin da ɗoriya, ta dawo daga bakin kabari, kuma abin da take tsoro ni ne. Wannan maganar ita ke hana ni cin abinci.

Muka kai ta asibiti, ta kwana ɗaya aka sallame mu. A can Nafisat ta faɗa mini gaskiya. Sati uku tana ba Inna gawayi bayan azahar in ina makaranta, ta ɗumama ɗakin, su fitar da kaskon kafin in dawo. Gawayi suka zaɓa maimakon kara don ba ya hayaƙin da zai yi baƙi a silin in gane. Tsummokin kuma don kada ƙaurin ya fito, kuma ɗumin ya kai dare. Ranar nan Nafisat ta leƙa gidan suna a maƙwabta, aka riƙe ta da surutu, Inna kuma barci ya ɗauke ta a kan sallaya. Da muka dawo gida na rufe Nafisat da faɗa, na ce ta ci amanata, na ce saura ƙiris ta kashe mini uwa, na faɗi maganganun da ban taɓa faɗa mata ba a shekara goma sha biyar. Inna tana ɗakinta tana jin komai.

Bayan kwana biyu ta sa aka kira mata Kawu Haladu a waya, ta ce masa kewar gida take yi, ya zo ya ɗauke ta. Ba ta gaya masa abin da ya faru ba, ni ma kunya ta hana ni. Ta gaya wa Nafisat cewa ba za ta zama sanadin rabuwar miji da mata ba, kuma ba za ta sa ɗanta ya karya rantsuwa a kanta ba, gara ta koma inda ta san kan ɗakinta. Ɗakin nata na ƙauye kuwa damina guda ya yi ba kowa, na ji an ce gefen rufin ya zube. Asibiti mafi kusa tafiya ce mai nisa a kan babur cikin duwatsu, ga tarin nan bai sake ta ba. Na san halinta, in ta tafi ta tafi ke nan.

Yanzu ɗakin a buɗe yake wuni, da dare tana kwana da 'yata babba da barguna uku, kuma har yanzu ina jin tarinta ta bango. Na rasa tudun dafawa. In na ce a kawo wuta, fuskar Musaddiƙ nake gani, ga rantsuwa a wuyana. In na ce a'a, ga abin da a'a ɗina ta haifar. In an yarda da wutar ma, yaushe, kuma ta yaya? Danshin nan yana da magani, ko rushe ɗakin zan yi? Ko in haƙura in bar ta ta tafi? Ki faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci.

Naki,
Ɗan fari mai nadama, Kazaure.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana.

Na sa an tura maka wannan amsa ta waya tun kafin a buga ta, saboda Juma'a ba ta jira. Da farko ina yi maka barka. Allah ya mayar maka da uwarka a ranar da mutane da yawa ba a mayar musu ba, ka yi sadaka ka gode masa. Allah ya jiƙan abokinka da matarsa.

Tsoronka gaskiya ne, kada kowa ya ce maka ka cika zaƙewa. Na yi aikin jinya shekara talatin kafin in ajiye, kuma babu sanyin da ya wuce ba a kawo mana irinsu ba. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi, kuma garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi, wanda mutane ke cewa ya nuna, bai daina fitar da ita ba. Takan fara da ciwon kai da jiri da kasala, sai barci. Don haka a kan abu ɗaya ina tare da kai ɗari bisa ɗari: ba a rufe ƙofa da wuta a ɗaki, ba a barci da ita, ko dare ko rana, ko na minti goma ne.

Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma gudun da ka yi ya wuce wuri. Ka hana wutar da ake hurawa da hantsi, ƙofa a buɗe, kowa yana gani, sai ta dawo maka da la'asar a ɓoye, an toshe mata kowace kafa. Hanin naka ne ya zaɓi gawayi, shi ya cusa tsummokin nan. Na san maganar da nauyi, kai ka ce in faɗa.

Inna ta fi ka sanin lokacin wuta. Ɗakin da ya sha damina, in sanyi ya same shi da danshinsa, ko bargo goma ka tara ba zai yi ɗumi ba, kuma shi ke riƙe ƙirji da gwiwa. Shi ya sa ta nemi kara ana tsakiyar zafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai ita ma akwai abin da ba ta sani ba. Ɗakin ƙasa yana shan iska ta rufi da ƙofa da jikin bangon kansa, naka kuwa ka toshe shi kamar kwalba, dabarar da ta raya ta shekara hamsin a can tana iya kashe ta a nan. Wannan sai an yi mata bayani a hankali, ba da tsawa ba.

Babban kuskurenka ba a gini yake ba. Ka san uwarka tana kunyarka, ka san irinsu ba sa roƙon ɗan fari sau biyu, amma da ta yi shiru sai ka ɗauka ta gamsu, don haka ya fi maka sauƙi. “Lafiya lau” ɗin da take ba ka a bakin ƙofa gaisuwa ce, ba labarin ɗaki ba. Mace ɗaya ce a gidan nan take jin abin da Inna ba ta faɗa ba, ita ce kuma ka zazzage wa kwandon faɗa. Nafisat ta yi kuskure babba, bai kamata ta ɓoye maka ba, bai kamata ta bar tsohuwa da kasko ta fita ba, kuma na tabbata ta fi ka sani. Amma ta ga surukarta tana karkarwa, ta zo maka da saƙo ka kore shi, me ya rage mata? Ka ba ta haƙuri yau, kuma ka yi shi a inda Inna za ta ji, kamar yadda ta ji faɗan. Rabin ƙullin kayan nan saboda faɗan aka yi shi.

Maganar rantsuwa, ni ba malama ba ce, amma abin da muka taso muka ji shi ne, wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga waninsa ya fi alheri, sai ya yi kaffara ya aikata alherin. Ka je wurin limamin unguwarku bayan salla ka gaya masa komai, zai faɗa maka abin da ke kanka. Rantsuwar da aka yi a bakin kabari cikin ruɗewa ba ta fi haƙƙin uwa ba. Ka sauke ta da kanka, kuma ka sa a gaya wa Inna kai ka ga dama, don kada ta ɗora wa kanta.

Yanzu aiki. Kada ta ƙara kwana a ɗakin nan bana. Ba ka faɗa ba, amma na san a gidan akwai ɗakin da rana ke bugawa da safe, kuma na san wa ke kwana a ciki. Ka ba ta shi. Kai da ƙarfinka, ka yi shimfiɗa a falo na wata biyu ba abin da zai same ka. Ka samo mata gadon katako, a ja shi baya kaɗan daga bango, akwatinta ma a ɗora shi a kan benci. Katifar da ta yi fumfuna a yar da ita, shanya ba ta gyara ta. Ɗumin dare kuma ba sai da garwashi ba: a gasa dutse mai sulɓi ko jan bulo a murhun girki, a naɗe shi da tsohon zane a sa a ƙarƙashin bargo wajen ƙafafu tun magariba, ko a zuba ruwan zafi a jarka mai murfin kirki a naɗe. A kula kada ya taɓa fata, tsofaffi ba sa jin ƙuna da wuri. Ga safa, ga hula, ga kunu mai zafi kafin kwanciya. Sannan ka kafa mata zana a tsakar gida ta tare iska, inda za ta hura wutarta ta kara safe da yamma, ta ji ɗumi a fili jikokinta na kewaye da ita. Mace da ta yi rayuwarta a gaban murhu, raba ta da wuta gaba ɗaya ma wani ciwon ne.

Ɗakin nata ba sai ka rushe ba. Ka yaye ledar, ka kankare fentin nan mai mai har inda danshin ya kai, don shi ke riƙe ruwan a cikin bango. Ƙofa da taga su wuni a buɗe. Ka kira magini ya fasa ƙaramar taga a sama, ɓangaren da ke kallon ƙofa, wadda ba a rufewa, ya kuma duba bayan ɗakin, ina zargin ruwan indararo da na kwata a gindin bangon suke taruwa. In an gyara wannan, sai a yi wutar da Inna ta nema tun kaka: da hantsi, ɗaki ba kaya ba mutum, ko'ina a buɗe, wuta 'yar kaɗan a tsakiya nesa da silin, babba yana tsaye a waje da bokitin ruwa, a kashe ta kafin azahar. Ita za ta faɗa muku kwana nawa. Silin zai yi baƙi, ya yi. Kada ka sake fenti sai bazara ta gama busar da shi, kuma farar ƙasa ta wadatar. A ƙasa irin taku danshi ba ya tafiya gaba ɗaya, kowace shekara sai an yi masa wannan hidimar da zarar ruwa ya ɗauke.

Ka mayar da ita asibiti cikin satin nan a duba ƙirjinta, tarin da ya haura sati biyu a jikin tsoho ba a zuba masa ido. Ka gaya musu har da maganar gawayin, kuma in kun ga mantuwa ko ciwon kai da ba ta saba ba, kada ku jira.

Kawu Haladu kuma ka kira shi yau, kada ka bari ya zo ya ji a bakin maƙwabta. Ka gaya masa duka, har da abin da ta faɗa da ta farfaɗo. Zai yi maka faɗa, ka sunkuyar da kai ka sha. Shi ne mutumin da Inna za ta iya buɗe wa cikinta, kuma shi ya taya ka kawo ta. Bayan haka ka je bakin ƙofarta ka durƙusa, ba sai ka kalli idonta ba, ka ce ka yi kuskure, ta yafe maka. Kada ka tsaya jiran amsa, ba za ta ba ka ba, kuma kada ka ce mata “ki zauna”, don kunya za ta sa ta ce to alhali ranta bai kwanta ba, ka koma gidan jiya.

In duk da haka ta zaɓi tafiya, haƙƙinta ne, ba kaya ba ce. Sai dai ba wannan Juma'ar ba. Ka roƙi Kawu a jinkirta har ka je ka gyara rufin ɗakinta na ƙauye, a samo wadda za ta riƙa kwana da ita, sannan ka kai ta da kanka.

Amma ban jin za a kai can. Gobe ka nemi izini a makaranta, ka kwashe kayan ɗakinka da hannunka tana kallo, ka share, ka shigo da gadon ka ajiye a tsakiya. Sannan ka aiki Nafisat ta tambaye ta abu ɗaya kawai: ta wane gefe take so a sa shi? In ta tashi ta nuna wuri, ka kira Kawu ka ce ya zo cin tuwo.

Allah ya ba Inna lafiya, ya ƙara mata kwana masu albarka a gabanku, ya sanyaya zuciyarka, ya bar ka da Nafisat. Ka gaishe mini da su duka.

Hajiya Sadiyya